Yadda Ake Sa Ƙananan Yara Aikin Girki

Ranar da na fara barin ɗana ya fasa ƙwai, shekararsa 3 da 'yan watanni. Ya riƙe shi da hannu biyu kamar an ba shi ajiyar ɗan tsako, ya ƙwanƙwasa a bakin kwano, ƙwan ya ƙi fashewa, sai kawai ya matse shi iya ƙarfinsa. Rabi ya faɗa kwano har da ɓawo, rabi ya bi ta gwiwar hannunsa ya ɗiga ƙasa. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga yadda yake washe baki, na haɗiye maganata. Da aka soya, yaron nan da sai an kai ruwa rana kafin ya ci ƙwai ya share farantinsa tas, yana ta sanar da babansa cewa yau shi ya yi girki.

Daga ranar zuwa yau na bi da 'ya'yana uku ta wannan hanya, da na 'yan'uwa da ke zuwa hutu, maza da mata, don yunwa ba ta tambayar jinsi. Abin da na fahimta guda ne: yaro na son aiki na gaske, wanda zai ga sakamakonsa a faranti. In kika ba shi kwanon wasa da ruwa don ya ƙyale ki, zai gane, ya dawo ya riƙe miki riga. Da "ki" zan yi ta magana, amma uba ko yaya ko kaka, duk wanda ke riƙe da ludayi, da shi nake.

Me yaron zai samu?

Babbar riba ita ce ci. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancin yara kan shiga wani hali na gudun baƙon abinci: da ya hango abu kore a faranti sai ya kauda kai tun bai ɗanɗana ba. Wata masaniyar halayyar yara 'yar Amurka, Leann Birch, ta nuna tun farkon shekarun 1980 cewa yawan ɗanɗana abu shi ke sa yaro ya karɓe shi, kuma masana abinci kan ce wani abincin sai an kawo shi sau 8 zuwa 15 kafin ya shiga. Kicin na gajarta wannan tafiya. Karas ɗin da yaro ya wanke da hannunsa, ya shinshina, ya jera a kwano, ya tashi daga baƙo, kuma sau da yawa sai ki ga ya jefa abu a baki ba wanda ya ce masa. A shekarar 2014 wasu masu bincike a ƙasar Suwizalan sun gwada haka da yara 47 'yan shekara 6 zuwa 10. Wasu suka taya iyayensu girki, wasu kuma aka girka musu. Waɗanda suka sa hannu sun ci salak fiye da sauran da kusan kashi 76 cikin 100. Idan kika tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 na buƙatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, kin san wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Sai hannu. Tsinta, zubawa, murzawa da ɓarewa, duk da yatsun da zai riƙe fensir yake yin su. Shi ya sa Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ta sa zuba ruwa, goge tebur da raba abinci cikin darasi. Lissafi da harshe kuwa su kan zo da kansu: cokali 3, rabin lemo, wanne ya fi nauyi, mene ne ɗaci, mene ne bauri. Akwai kuma jira, wanda ba a koya wa yaro da baki. Kullu ba ya tashi don an yi masa kuka.

Kayan da za ki tanada

Fara da wurin aiki, domin shi ne aka fi yin sakaci da shi. Teburin kicin an yi shi ne don tsayin babba. Yaron da ke aiki hannuwansa a ɗage ba shi da ƙarfin danna komai, kuma ba ya ganin cikin kwano. Ana so abin da yake aiki a kai ya tsaya masa wajen cibiya. Ko dai ki ɗaga yaron da kujera mai faɗin ƙafafu wadda ba ta girgiɗi, ko ki sauko da aikin kan ƙaramin tebur. In ba ki da ko ɗaya, ki shimfiɗa abu mai tsabta a ƙasa ku zauna, ki ɗora tire a gabansa. Ni wannan na fi so ga 'yan shekara 2, don wanda ke zaune a ƙasa ba shi da inda zai faɗo. Bokitin da aka kifa da kujera mai taya, kada ki soma.

Ki nemi babban tire mai baki, wanda duk abin da ya zube zai tsaya a ciki. Kwanonin su zama na roba ko na silba, ban da tangaran da gilashi, kuma ki ɗauki wanda ya ninka abin da za a zuba girma, domin damun yaro fantsama yake yi. Katakon yanka ɗaya, da jiƙaƙƙen tsumma da za ki shimfiɗa a ƙarƙashinsa don kada ya zame. Cokalin katako, cokali mai yatsu, ƙaramin kofi mai hannu, da rariya. Wuƙar farko ita ce marar kaifi ta shafa wa burodi bota, ko ta roba mai haƙora da ake yi don yara. Babu su? Gefen cokali na yanka ayaba sarai.

Ba sai kin sayi rigar girki ba, tsohuwar riga mai gajeren hannu ta wadatar. Tsumma biyu, ɗaya na hannu ɗaya na ƙasa, kuma su bambanta a launi don ya riƙe wanne ne wanne. Sabulu da ruwa mai tsabta. A ƙarshe, filasta da bandeji a inda hannunki zai kai ba tare da kin bar ɗakin ba.

Mataki na 1: Zaɓi ranar da ba kya sauri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da baƙi ke hanya, ko safiyar da kowa ya makara, ba ranar koyo ba ce. Aikin da kike gamawa a minti 5 zai ci 20 a hannun yaro, in kuwa idonki na kan agogo, tsawa za ki yi, shi kuma abin da zai riƙe ke nan: kicin wurin faɗa ne. Ki duba shi ma. Mai jin yunwa ko barci ba ya koyon komai, don haka ki ba shi ɗan abin taɓawa kafin ku fara. A abin da na gani, ɗan shekara 2 zuwa 3 ba ya wuce minti 5 zuwa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. In ya ce ya gaji, ki sallame shi da fara'a ko da aikin bai kai rabi ba.

Mataki na 2: Shirya komai kafin ki kira shi

Kusan duk ɓarnar da aka taɓa yi mini ta faru ne a lokacin da na juya baya zan ɗauko wani abu. Saboda haka ki auna, ki jera, ki tanadi ruwa da tsumma, sannan ki kira shi. Ki tsuguna daidai tsayinsa ki kalli wurin da idonsa: wuƙa, ashana, almakashi, maganin wanke-wanke, garin barkono, igiyar butar lantarki da ke reto, duk ki kawar. Wayarki kuma ki ajiye ta nesa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa, tare za ku je.

Mataki na 3: Wanke hannu

Wannan ba ya da ranar hutu. A jiƙa hannu, a sa sabulu, a cuɗa ciki da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20, a ɗauraye, a goge da tsumma mai tsabta. Yaro bai san daƙiƙa 20 ba, sai ku ƙirga tare a hankali daga 1 zuwa 20, kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In babu famfo, ki riƙa zuba masa da kofi ruwan na gangarewa, kada kowa ya tsoma hannu a kwano guda. A naɗe hannun riga, a ɗaure gashi.

Abin da za ki yi ta fama da shi shi ne maimaici. Zai sa yatsa a hanci, zai yi atishawa a tafin hannu, zai sosa kai, zai lashi cokali ya mayar. Kowane ɗaya, a koma wurin sabulu, ba tare da faɗa ba. Yaron da ke gudawa ko amai kuwa ba ya taɓa abincin mutane har sai ya warke sarai.

Mataki na 4: Ba shi aikin da ya yi daidai da hannunsa

Shekarun da zan ambata kimantawa ce. Ke kika san ɗanki, wani ɗan shekara 3 ya fi wani ɗan shekara 5 natsuwa.

Daga shekara ɗaya da rabi zuwa 2, aikinsa ruwa ne da yage-yage. Ki zuba ruwa kaɗan a roba ya wanke tumatir ko dankali, ya yayyaga ganyen latas, ya juye abin da kika riga kika auna daga kofi zuwa kwano, ya dagargaza nunanniyar ayaba da cokali mai yatsu. Ruwan ya zama kaɗan ƙwarai, kuma da an gama ki zubar, domin ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. Bokiti cike da ruwa ba ya zama kusa da ɗan wannan shekaru.

A shekara 3 sai ɓare-ɓare. Ayaba da lemo, ki fara buɗe masa baki ya ƙarasa. Dafaffen ƙwai shi ne sarkin aikin wannan shekara: ki tsoma shi a ruwan sanyi har ya huce, ki nuna masa ya ƙwanƙwasa, ya mirgina a kan tire da tafin hannu har ɓawon ya tsattsage, sannan ya ɓare daga ɓangare mai faɗi inda iska take. Zai ɓare har da naman ƙwan, ƙwan ya fito kamar ɓera ya gwaguye shi. Haka za a ci. Yana iya dama abu mai sanyi, ya shafa wa burodi abin shafawa, ya murza kwaɓin fulawa. Wajen damu, ki koya masa hannu ɗaya na riƙe da kwano koyaushe, in ba haka ba kwanon zai bi cokali.

Shekara 4 zuwa 5 nan aikin ke daɗi. Yana auna fulawa da kofi ya share saman da bayan cokali, ya tankaɗe, ya matse lemo, ya tsince shinkafa ko wake, ya fara yanka abu mai laushi. Tsintar wake da sauran ƙwayoyi kada ki ba wanda bai kai nan ba, don ƙananan na cusa su a hanci da kunne. In hakan ta faru, kada ki sa tsinke ko wani abu ki ce za ki ciro, turawa ciki za ki ƙara yi. Asibiti za ku je.

Fasa ɗanyen ƙwai ma nan ne muhallinsa, ni na yi gaggawa da nawa. Ga yadda na koya daga baya: a buga shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri maimakon bakin kwano, don ɓawon ba ya shigewa ciki sosai. A sa manyan yatsu biyu a tsagar, a buɗe kamar ana buɗe littafi. Kuma a fasa a wani ƙaramin kofi daban, ɗaya bayan ɗaya, kafin a juye cikin kwaɓi, yadda in ɓawo ya faɗa ko ƙwan ya lalace ba za a yi asarar duka ba. Guntun ɓawo da ya faɗa, da babban ɓawon ake kwaso shi, da yatsa sai dai ya yi ta guje miki.

Daga 6 zuwa 7 sai goga, fere dankali da abin fere, da ƙaramar wuƙa mai kaifi kina tsaye a kansa.

Mataki na 5: Nuna sau ɗaya, a hankali, sannan ki janye hannu

Ki zauna a gefensa, kuna fuskantar wuri guda. In kika zauna gaba da gaba, komai a juye zai gani. Ki yi aikin a hankali fiye da yadda kika saba, kuma ki rage magana, domin yaro ba ya iya kallon hannunki da sauraron bakinki a lokaci ɗaya. Umarni ɗaya a kan ɗaya: "Ɗauki kofi." Ya ɗauka. "Zuba a nan." In bahago ne, ki bar shi da hagunsa, ki juya masa kayan.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, kuma ga babba ne wuyar take. Kada ki gyara aikinsa a gabansa. Na taɓa ba babbar 'yata kokwamba ta yanka, ta yi shi wani ƙato wani siriri. Ban ma yi tunani ba na jawo katakon na sake daidaita su. Ta kalle ni, ta ce, "Mama, nawa ba kyau?" Ta ajiye wuƙar ta fita, kuma sai da na yi kusan mako biyu ina lallashi kafin ta sake yarda. Karkataccen kokwamba da miƙaƙƙe ɗanɗanonsu ɗaya. In lallai girman yanka na da muhimmanci don abin ya dahu tare, to tun farko ba wannan aikin ya kamata ki ba shi ba.

In ya zubar, ki miƙa masa tsumma kawai. Wajen yabo kuma, "ka iya" marar kai ba ya koya masa komai. Ki faɗi abin da kika gani: "Na ga ka riƙe kwanon da hannu ɗaya, bai motsa ba." Gobe zai sake riƙewa.

Mataki na 6: Wuƙa

Iyaye sun kasu biyu a nan, masu ɓoye wuƙa har yaro ya girma da masu sakaci da ita. Ni ina ganin yaron da aka koya wa riƙe wuƙa a gaban babba ya fi tsira daga wanda zai ɗauka a ɓoye ranar da ba kowa.

Ana hawa ne daga laushi zuwa tauri. Ayaba tukuna, sai dafaffen ƙwai da dafaffen dankali, sai gwanda ko kankana da aka fere, sai kokwamba. Ɗanyen karas shi ne na ƙarshe, kuma ba da wuƙa marar kaifi ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: a ba yaro dakusasshiyar wuƙa da abu mai tauri a ce ai ba za ta yanke shi ba. Zai danna da ƙarfi, ta zame, ta sauka a yatsa. Duk abin da ke mirginawa, ki fara raba shi biyu a tsaye ki kifa shi a kan katako ya zauna daram.

Riƙo iri biyu za ki koya masa. Na farko gada: babban yatsa a gefe guda, sauran yatsu a ɗaya gefen, wuƙa ta shiga ta ƙarƙashinsu kamar jirgin ruwa na wucewa ƙarƙashin gada. Da shi ake raba tumatir ko ƙwai biyu. Na biyu dungun kyanwa: a lanƙwashe yatsu, farce na kallon ciki, babban yatsa a ɓoye a bayansu, sannan a yanka. Yara na son sunan, kuma da kin ce "ina kyanwa?" sai ki ga yatsu sun koma ciki.

Dokokin ba su da yawa, amma ba a sassauta su. Wuƙa a kan katako take zama. Ba a tafiya da ita, ba a nuna mutum da ita. In ta faɗi, a ja da baya a bar ta ta kai ƙasa, ba a cafewa. In za a yi magana da wani, a ajiye tukuna. Ranar da ya karya doka ɗaya, ki karɓe wuƙar cikin natsuwa ki ce sai gobe.

Abin mamaki, abin goga ya fi wuƙa ji wa yarana ciwo. Ki ba shi dogon abu ya goga, in ya rage kamar tsawon yatsu uku ki karɓa ki ƙarasa. In ya yanke, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki danne da tsumma mai tsabta na 'yan mintuna hannun a ɗage, ki sa filasta. Yankan da ya yi zurfi, ko ya buɗe baki, ko jinin ya ƙi tsayawa bayan minti 10 ana dannawa, na likita ne.

Mataki na 7: Wuta

Wanda bai kai shekara 6 ba, ni ba na kai shi bakin wuta ko kaɗan. Fatar yaro ta fi ta babba siranta, zafin da zai sa ki ce "wash" shi ɗaye masa fata zai yi. Ki shata iyaka kamar mita 1 daga murhu, da alli ko da wani abin da zai gani a ƙasa, ki ce masa nan ne katangarsa. Hannun tukunya da na kasko a juya su ciki, kuma in murhun mai kai da yawa ne, a dafa a na baya. In a ƙasa kike girki, hatsarin ya fi yawa don tukunyar na daidai tsayinsa: wurin aikinsa ya yi nisa, kuma kada hanyarsa ta fita ta bi ta gefen wuta. Kada ki juya tukunya da yaro a hannu. Kofin shayi ma kada ki raina shi, yana iya ƙona yaro minti 15 bayan an haɗa. Suya da mai mai yawa kuwa, kowa ya fita sai an sauke, an kawar da kaskon.

Duk da haka ba a raba shi da dahuwar gaba ɗaya. Ki ɗebo kaɗan a faranti ki kai masa ya ga yadda ƙwai ya daskare, yadda albasa ta yi laushi ta canja launi. In ya kai 6 ko 7 kuma kin yarda da natsuwarsa, ya fara da juya abu marar mai da dogon cokali, hannunki na riƙe da tukunyar. Ki nuna masa ana buɗe murfi ne ta ɓangaren da ke nesa da fuska, don tururi ma wuta ne.

In tsautsayi ya faɗa, ki sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20 cur. Ban da ƙanƙara. Ban da mai, man goge baki, gishiri ko ɗanyen ƙwai, duk suna ƙara ɓata ciwon. Ki cire tufa da abin hannu in ba su manne da fata ba, ki lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi, ki rufe ƙunar da abu mai tsabta marar gashi. Kada ki fasa bororo. Ƙuna a fuska, hannu, ƙafa ko al'aura, ko wadda ta tashi bororo a jikin ƙaramin yaro, a kai asibiti.

Mataki na 8: Abin da ake ɗanɗanawa da wanda ba a ɗanɗanawa

Ɗanɗane rabin ribar aikin ne, ki bar shi ya yi, amma a zaune kuma da cokali mai tsabta. Kwaɓin da ke da ɗanyen ƙwai ba a lasa, saboda ƙwayar cutar salmonela. Mutane da yawa ba su san ɗanyar fulawa ma na iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa ba, don ba a dafa ta kafin a ƙulla a leda. Wuta ce ke kashe su. Ɗanyen nama, kaza da kifi ba aikin ƙaramin yaro ba ne, kuma katako da wuƙar da suka taɓa ba sa zuwa kusa da tirensa. In katako ɗaya gare ki, a fara da kayan lambun yaro, nama ya zo daga baya. Abin da kuka dafa kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje, ko a ci ko a sa a firij.

Ki kula da abin da ke shaƙe yaro. Inabi da ƙananan tumatir a raba su huɗu a tsaye. Gyaɗa da danginta ba a ba wanda bai kai shekara 5 ba sai an niƙa. Ɗanyen karas da tuffa a goga ko a yanka siriri. In akwai jariri a gidan, ki ja kunnen mai girkin kada ya ɗanɗana masa komai, musamman zuma, wadda ba a ba wanda bai cika shekara 1 ba. Abincin da yaro bai taɓa ci ba cikin masu tayar da borin jini, irin su ƙwai, gyaɗa, madara da kifi, a fara da kaɗan kina lura. Kumburin leɓe ko fuska, ko numfashi da ƙyar, a garzaya asibiti nan take.

Gishiri ke za ki auna a tafin hannunsa ya zuba, kada ki miƙa masa mazubin. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce giram 2 a yini, ɗan 4 zuwa 6 kuma giram 3, wato kusan rabin ƙaramin cokali. Barkono mai zafi kuwa hannunsa ba ya taɓawa, don daga nan ido zai kai.

Mataki na 9: Gyara wuri, sannan a ci

Aiki bai ƙare ba sai an goge tire, an kai ɓawo kwandon shara, an tara kwanoni. Ki sa shi tun ranar farko, tun yana ganin abin wasa ne. Zai goge ya bar rabi, ki ƙarasa bayan ya tafi.

Wajen ci, ki bari shi ya kawo abin da ya yi, kuma a faɗa a gaban kowa wane ne ya yanka. Amma ga tarkon: kada ki ce, "Ai kai ka yi, dole ka cinye." Da kin faɗi haka kin mayar da girkin dabarar ɗura, kuma zai gane. Wata masaniyar ciyar da yara 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu: babba ke zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro ke zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. Autata ta wanke tumatir, ta yanka, ta jera shi a faranti ya fi sau 10 ba ta kai ko ɗaya baki ba. Ban ce mata komai ba. Wata rana ina wanke-wanke na waiwaya na ga tana tsotsar ruwansa a yatsa.

In abin bai zo yadda aka tsara ba

Yara biyu ko uku a lokaci guda, kowa da tirensa da aikinsa, in ba haka ba faɗa za a yi a kan cokali ɗaya. Wuƙa kuma ɗaya tak ke aiki a lokaci guda, don idonki ba zai rabu biyu ba. In ba ki da lokaci a ranakun aiki, ki ware masa abu ɗaya na minti 2 da zai zama nasa kullum, kamar wanke tumatir ko ɓare ƙwai, doguwar koyarwa ta jira ranar hutu. In kicin ɗin ƙarami ne, a fito da tire waje a yi aikin a inda ake cin abinci.

Akwai yaron da ba ya son hannunsa ya taɓa abu mai danƙo ko jiƙa, da ya taɓa kwaɓi sai kuka. Kada ki tilasta. Ki ba shi busasshen aiki, awo da tankaɗe da jera cokula, ko ki ba shi cokali ya taɓa da shi maimakon yatsa, ki ajiye masa jiƙaƙƙen tsumma a gefe ya san yana iya gogewa duk lokacin da ya so. Wanda kuma ya ce shi sam ba ya so, ki ajiye masa kujera a inda zai riƙa hango ki daga bayan layin nan na mita 1, ki ci gaba da aikinki, ki bar ayaba ɗaya da cokali a kan tire kusa da shi.